Matar Da Ta Ƙi Karɓar Shanun Hammadu

Akwai wata mata a garin Gwarzo, a zamanin da gyaɗa ke tashe, ana kiranta Hajiya Zubaidatu. Sana'arta matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Mijinta ya rasu ya bar mata gida da tukwane, ita kuwa ba ta naɗe hannu ba. Tun hantsi matan unguwa ke cika tsakar gidanta, masu suya na suya, masu daka na daka, masu matsa na matsa. Da yawansu da abin da suke samu a wurinta suke cefane.

Da Allah Ya buɗa mata, sai ta yi abin da ya ba mutane mamaki. Ta aiki ƙanenta Nata'ala Kano, ya sayo mata tsohuwar Landiroba a hannun wani Kwara, Balaraben Lebanon, mai sayen gyaɗa da zai koma ƙasarsu. Ta sa motar haya.

Masu ɗaukar amarya suna zuwa, malaman makaranta masu tafiya hutu suna zuwa. Wanda bai iya tuƙi ba, Nata'ala ya kai shi. Wanda ya iya, kuma yana da lasin, a miƙa masa makulli.

A wurin Kwaran nan Nata'ala ya jiyo wani tsari da kamfanonin birni ke yi, ya kawo wa yayarsa. Mai haya zai ƙara wani abu kaɗan a kan kuɗin haya, idan tsautsayi ya faɗa wa motar a hannunsa, mai mota ne zai ɗauki gyara. Hajiya ta ga abin ya yi mata. Ita ta raɗa masa suna kuɗin rufin asiri.

Wata shekara, ƙaramar Sallah ta faɗo a tsakiyar cinikin gyaɗa. Ana saura kwanaki kaɗan a sha ruwa, wani mutum ya jingine kekensa a ƙofar gidan Hajiya ya yi sallama.

Sunansa Hammadu, mutumin Gammo ta ƙasar Kabo. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Shi kuwa da ƙuruciya ya shiga soja, aka kai shi ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, a can ya koyi tuƙi. Da ya dawo ya koma gona, ya tara ya sayi bijimai biyu na huɗa. Su ne ƙarfin gidansa.

Hajiya ta fito zaure ta zauna a kan tabarma, Nata'ala na gefe. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da azumi da dabbobi, sannan Hammadu ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Hajiya, tsohuwata ce, Inna Altine. Tana da ƙanwa a Unguwar Tudu, sun yi shekaru ba su ga juna ba. Ƙafa ta ƙi, jaki ma ba ta iya hawa. Kullum maganarta ke nan, ko za ta ga Asta kafin ta mutu. Shi ne na ce bana in kai ta yawon Sallah a mota."

Hajiya ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, Malam Hammadu. Mota kam za ka samu. Za ka biya na rufin asiri, ko kuwa?"

"Na ji labarinsa, amma ban san kansa ba."

"To buɗe kunnenka, don ba na son rigima daga baya. In kana tafe a hanya wata mota ta buge ka, ko saniya ta gitta ka yi karo, ko hannunka ya kuskure ka daki wani abu, wannan nawa ne. Ko gaban motar ya tafi gaba ɗaya, ba ruwanka."

Hammadu ya gyaɗa kai.

Ta ci gaba, "Amma taya da gilashi naka ne, ko ta yaya suka lalace. In ka ba wani tuƙi, na zare hannuna. In ka loda mata buhunan gyaɗa, ba gingimari na ba ka ba. Kada ka shiga rafi da ita. Kada kuma ka bar hanyar mota ka ratsa gona ko daji. In ka yi ɗaya daga cikin waɗannan, duk abin da ya biyo baya a wuyanka yake. Ka ji?"

"Na ji, Hajiya."

"Maimaita mini."

Hammadu ya yi dariya ya ce rabonsa da a sa shi maimaita umarni tun yana gaban saje. Amma ya maimaita, bai bar ko ɗaya ba. Ya biya, Nata'ala ya shaida.

Washegarin Sallah ya zo ya ɗauki mota, ya nufi Gammo. Aka ɗauko Inna Altine aka zaunar da ita a gaba, aka tokare ta da matasan kai. Matarsa Umma ta shiga baya da ƙwaryar fura da tuwon madara na tsaraba.

Tsohuwa ba ta taɓa shiga mota ba. Da farko ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa tana salati. Can da ta ga gonaki na wucewa, sai ta sake, har ta fara nuna wa Umma wuraren da suka taɓa yada zango da shanu tana budurwa.

Da suka isa Unguwar Tudu, Asta ta fito a guje ba ko mayafi. Tsofaffin biyu suka rungume juna a bakin mota, wannan na kuka, wannan na kuka, aka rasa mai lallashin wani. Kwanakin da suka yi a can, a tabarma ɗaya suke kwana, a akushi ɗaya suke ci.

Hammadu ya ce a ransa ko iyakar abin da ya yi a duniya ke nan, ya gode wa Allah.

A hanyar dawowa ne abin ya faru, da rana tsaka, sun kusa Kabo.

Hanyar ta tsuke a wata gangara. A gefe ɗaya ayarin jakuna ne ɗauke da gyaɗa, masu su na biye a ƙasa. Sai ga wata gingimari ta sako kai daga sama, an yi mata lodi har ya fi ƙarfinta. Direban na ta danna ƙaho yana ihu da hannu a waje. Birki ya tsinke.

Hammadu ya duba. In ya tsaya, babbar motar za ta bi ta kansu. In ya kauce wajen jakuna, zai tattake mutane. Sai ya murɗa sitiyari ɗaya gefen, ya bar hanya, ya faɗa gonar wani da aka riga aka cire amfaninta. Motar ta yi tsalle a kan kunya, ta je ta daki wata tsamiya.

Gingimarin ta wuce kamar iska. Ba su sake ganinta ba.

Abin da ya fara yi shi ne juyawa wajen mahaifiyarsa. Goshinta ya ɗan fashe, jini na zuba, amma tana magana. Umma ta gurɗe a hannu. Masu jakuna suka rugo suna salati, suka fito da su, wani ya yage rawaninsa ya ɗaure wa tsohuwa kai.

Sai da hankalinsa ya kwanta sannan ya dubi motar. Gabanta ya lotse ya shige ciki, ruwa na tsiyaya daga lagireto, gilashi ya tarwatse, tayar gaba ta fashe. Ya zauna a gindin tsamiyar ya dafe kai.

Aka samu wata motar ta jawo Landirobar zuwa Gwarzo. Bakanike ya duba, ya girgiza kai. Ya ce sai an sayo kaya daga Kano, kuma gyaran zai ci abin da bai yi nisa da kuɗin sayen motar ba.

Nata'ala ya shiga wurin yayarsa ransa a ɓace.

"Yaya, kin dai ji. Amma Allah Ya taimake mu, a cikin gona aka ɗauko ta. Kowa ya gani. Ke da bakinki kika ce in ya bar hanya ya ratsa gona, a wuyansa yake. Ni ne shaida."



Ya ƙara da cewa, "Ki tuna kuɗin da ke hannunki na sayen gyaɗar bana ne. In kika zuba shi a gyaran mota, da me za ki yi mai? Matan nan da ke tsakar gida fa, ina za su? Ba zalunci za mu yi ba, sharaɗi ne, shi ma ya yarda da shi."

Hajiya ta ce, "Bari dai ya zo."

Nata'ala ba mugu ba ne. Tsoron halin da gidan zai shiga ne ya sa shi magana, kuma abin da ya faɗa game da jarin gaskiya ne.

Da safe sai ga Hammadu a ƙofar gida. Ba a keke ya zo ba. A ƙasa ya tako tun daga Gammo, yana jan bijimansa biyu. Ya ɗaure su a jikin bishiyar ƙofar gida, ya yi sallama. Mutane suka fara taruwa.

Bayan gaisuwa da jaje, Hajiya ta tambayi jikin Inna. Ya ce da sauƙi. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Hajiya, kin faɗa mini sharaɗi, na maimaita da bakina. Kin ce kada in bar hanya. Na bar hanya, da hannuna na karkatar da motar. Ba ni da abin da zai kai kuɗin gyara sai waɗannan. A sa musu kuɗi. In ba su kai ba, in Allah Ya kai mu kaka in cika."

Nata'ala ya sauke ajiyar zuciya, ya tashi zai je ya duba shanun.

Hajiya ta ce, "Zauna, Nata'ala."

Ta juya ga baƙon. "Malam Hammadu, in ka ba da su, da me za ka yi huɗa da damina?"

"Da fartanya, Hajiya. Da ita na fara."

"To ba ni labari. Yaya aka yi ka bar hanyar? Yanke ka so ka yi don ka isa da wuri?"

"A'a."

"Wani ka bai wa tuƙi?"

"Ko kusa."

"To me ya kai ka gonar mutane?"

Sai ya kwashe labari ya faɗa mata, da gingimarin, da jakunan, da mutanen da ke biye da su. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma nemi a tausaya masa ba. Yana gamawa ya ce, "Amma dai duk da haka, na bar hanya."

Mutanen da ke tsaye a bakin zaure suka fara duban juna.

Hajiya ta ce, "Nata'ala, ranar da muka sa wannan sharaɗi, me ya sa muka sa shi?"

Ya ce, "Saboda masu ganganci. Masu yanke ta daji su karya mana mota."

"To wannan ganganci ne?"

"Yaya, amma maganar da aka yi…"

"Ni na yi maganar, ni na san abin da nake nufi da ita. Da ya tsaya a kan hanya gingimari ta murƙushe motar da mutanen ciki, da gyara nawa ne, ko ba haka ba? To don ya ceci uwarsa da matarsa da bayin Allah masu jakuna, sai in ce ya karya sharaɗi? Ashe ke nan na karɓi kuɗinsa ne don in rufa masa asiri in ya mutu, in tona in ya rayu."

Nata'ala ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malam Hammadu, karo ne ya same ka a hanya, hanyar ce ta tunkuɗa ka gona. Wannan yana cikin abin da na ɗauka. Kwance shanunka ka mayar gida."

Hammadu ya ɗago. Mutumin da ya ga yaƙi bai yi kuka ba, sai ga idonsa ya ciko.

"Hajiya, asarar ta yi yawa. Ko ɗaya ki ɗauka."

"Ko igiyarsu ba na so. Amma tsaya, kada ka yi murna da yawa. Taya da gilashi fa?"

"Nawa ne."

"Naka ne. Na ce ko ta yaya suka lalace. Wannan ba zan ɗaga maka ba, don in na ɗaga maka, gobe ba ni da bakin hana wani."

Hammadu ya yi murmushi cikin hawaye ya ce, "Wallahi da kin ɗaga ma ba zan yarda ba."

Ya sayar da tumaki biyu a kasuwa, ya kawo kuɗin taya da gilashi. Ta karɓa ba tare da wani jan magana ba.

Daga nan wahala ta fara.

Jarin gyaɗa ya tafi Kano sayen kayan mota. Da bai isa ba, Hajiya ta cire awarwaron azurfa da ta gada wurin mahaifiyarta ta bayar aka sayar. Motar na gareji, ba haya. Tukwanen suya da ke cika tsakar gida suka koma ɗaya. Ta tara matan ta gaya musu gaskiya, ta ce su riƙa zuwa bi da bi, don kowa ta samu ɗan abin sa wa a baki.

A gari kuwa baki ya rabu. Wasu na cewa ta yi abin kirki. Wasu na cewa mace ce, tausayi ya cinye mata dukiya, an kawo mata shanu har gida ta kore su.

Wata rana Nata'ala ya same ta tana tankaɗe da kanta, ya ce, "Yaya, ba ki yi nadama ba?"

Ta ce, "Ina jin zafin asarar, kada in yi maka ƙarya. Amma ina barci."

Shi kuwa Hammadu bai ɓace ba. Duk ranar da ba shi da aiki sai ya hawo keke ya zo gareji, ya tuɓe riga ya shiga ƙarƙashin mota tare da bakanike. An yi an yi ya karɓi ko na goro, ya ƙi.

Ana nan, wata ranar kasuwa da hantsi, matan da ke aiki suka ji hayaniya a waje. Aka leƙa. Jakuna ne a jere tun daga ƙofar gida har kwanar layi, kowanne da mangala cike da gyaɗa. A gabansu amalanke ne, bijiman Hammadu na ja. A cikin amalanken, kan katifar rimi, wata tsohuwa ce zaune da tabo a goshi.

Aka sauko da ita, aka shigo da ita cikin gida ana riƙe da ita.

Ta ce, "Ina matar take? Na zo in ga matar da aka kai wa shanu ta ƙi."

Hajiya ta fito da sauri ta durƙusa. "Sannu da zuwa, Inna. Da wannan jiki kika taso? Ai da kin aiko ni na zo."

"Wanda ya yi abin da kika yi, shi ake zuwa wa." Tsohuwa ta kama fuskarta da hannu biyu ta duba ta sosai. "Ashe ma ba ki da wani girma. Na zaci zan ga mace kamar rumbu."

Matan gida suka fashe da dariya.

Inna Altine ta ce tun ranar da ɗanta ya dawo da shanu, labari ya zaga Gammo. Da aka ji tukwanen Hajiya sun mutu, sai ta sa aka ɗauke ta gida gida. Kowane magidanci ya buɗe rumbu ya ɗebo daga abin da ya rage bai kai kantin masu sayen gyaɗa ba. Mai kwano ya ba da kwano, mai buhu ya ba da buhu. Masu jakunan da aka kauce wa ranar, mutanen Durun ne, da suka ji su ma suka kawo nasu, kuma suka ce su za su yi dakon.

Hajiya ta girgiza kai. "Inna, ba zan iya karɓa ba. Ni ba alheri na yi ba. Alkawari na cika, kuma an biya ni tun farko."

Tsohuwa ta tsuke fuska.

"Saurara, 'yar nan. Kin ƙi shanun ɗana, na yi shiru, don kin fi ni sanin dokar motarki. Wannan kuwa ba kuɗin mota ba ne. Gudummawa ce, irin wadda ake kai wa 'yar'uwa in abu ya same ta. A nan ni na fi ki sanin doka. In kika mayar, kin ce mu ba danginki ba ne."

Sai Hajiya ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ta yi ta kuka, Inna na shafa bayanta tana cewa, "Yi abinki. Kin daɗe kina riƙe shi."

A ranar aka hura wuta a murhunan da suka yi makonni a mace. Aka aika aka kira duk matan da ke zaman jiran layinsu. Kafin la'asar ƙamshin suyar gyaɗa ya cika unguwa, Inna Altine na zaune a inuwa tana ɓare gyaɗa tana ba su labarin tafiyarta a mota, har da kwaikwayon ƙarar ƙaho.

Da motar ta fito daga gareji, sai haya ta fi ta da. Mutane na tahowa daga Kabo da ƙauyukanta, su wuce wasu masu motar, su ce ta Hajiya suke so. Wani malamin makaranta da aka tambaya dalili ya ce, "A wurinta na san abin da ke kaina, na san abin da ke kanta. Kuma in rana ta ɓaci, ba za ta juya magana ba."

Ba a daɗe ba ta sayi mota ta biyu. Da ta rasa wanda za ta damƙa wa, Nata'ala ne da kansa ya hau keke ya tafi Gammo. Ya sami Hammadu a gona, ya ce, "Malam, ni ne na so a karɓe maka shanu. Yau kuma ni aka aiko in roƙe ka ka riƙe mana mota."

Hammadu ya ajiye garma ya kama hannunsa ya ce, "Sai dai da rani. Damina ta shanuna ce."

Haka kuwa aka yi, har tsufa ya raba shi da tuƙi.

Darasi: Kafin ka karɓi kayan haya, mota ce ko wani abu, ka tambaya ka san abin da aka ɗauke maka da abin da ya rage a wuyanka, kuma in ɓarna ta faru ka faɗi gaskiya ko da za ta ci shanunka. Kai kuma da ka yi alkawarin ɗaukar asara, kada ka ɓuya a bayan lafazi ranar da cikawa ta yi tsada. Dukiyar da aka rasa don tsare amana ba ta ɓata ba, Allah Yana da hanyar mayar da ita. Ka tura wa ɗan'uwanka mai ba da haya da mai karɓa, wataƙila wani na gab da juya maganarsa, wannan labari ya tsayar da shi.